Ashirin da Biyu a Minti

Bayan sadakar arba'in ɗin Barira
na hau adaidaita zuwa Fam Santa.
Yaron shagon, Nafi'u, ya juya kwalin ya ce,
"Baba, wannan ba ta kiran waya,
ba ta kama rediyo. Gaiga sunanta.
Me za ka yi da ita?"
Na ce, "Shaida nake nema."
Ya sallama dubu talatin,
ya ƙara mini batir biyu gyara.

Girmanta bai wuce sabulun wanki ba.
Rawaya ce, fuskarta kamar farcen babban yatsa,
cikinta ɗan bututu mai gadin ƙofa
yana ƙirga baƙin da ido bai taɓa gani ba.
Kowanne ya gifta sai ta ce ƙas.
Shiru. Ƙas. Ƙas-ƙas. Shiru mai tsawo.
Kiɗan da babu mai iya taka shi.

Masu ta'aziyya sun bar mini zargi cike da tabarma:
ƙarfen sabis ne na bayan gida,
a'a, ruwan rijiyar nan ne,
a'a, tayil ɗin da kuka shimfiɗa bara.
Ruwa ba ya tsami banza, in ji su,
ciwon daji ma da inda ya fito.

Na fara da ɗakinta.
Ashirin da biyu a minti.
Bakin rijiya, ashirin.
A gindin ƙarfen na tsaya har maigadi ya tsargu:
goma sha tara.
Malam Tasi'u mai koyar da kimiyya ya girgiza kai,
ya ce abin da ƙarfen ke fitarwa ba yarenta ba ne,
ina auna zazzaɓi da mudu.

Ban daddara ba.
Na shiga Ƙofar Ruwa, cikin tsoffin ƙarafa,
ina shinshina tarkace kamar mai neman allura.
'Yan gwangwan suka biyo ni:
"Zinare take ganowa?"
Wani ya ce aljanu.
Ashirin da huɗu.
Na hau Dala da gwiwar da ba ta so,
birnin kwance a ƙasa, rufin kwano har ƙarshen gani,
ta ce ƙas, kamar yadda take cewa a madafina.
Sai a jikin buhun takin zamani a Dawanau
ta ɗan saki baki, talatin da bakwai,
zuciyata ta tashi tsaye.
Malam Tasi'u ya ce gishirin ciki ne,
irinsa na cikin ayaba, na cikin ƙashina,
ba ya ko tayar da kaza daga barci.

Ranar da ruwan farko ya sauka
ta ƙara biyar a kan na kullum,
kafin la'asar ta koma yadda take.
Na rubuta. Komai ina rubutawa
a littafin da Barira ke lissafin adashe,
lambobina a ƙarƙashin nata.

Wata bakwai ke nan.
Ban kama kowa ba.
Ƙasa na numfashinta, bango na nasa,
sama na yayyafo abin da take yayyafowa
tun kafin a gina ganuwa.
A cikin wannan yayyafin aka haife ta,
a cikinsa ta yi mini dariyar farko a Gwammaja,
bai ƙaru ba ranar da likita ya sunkuyar da kai.

Da na samu mai laifi, da na huta.

Yanzu da dare ina ajiye ta
a gefen gadon da babu kowa.
In an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ita kaɗai ke magana a ɗakin.
Ƙas.
Ina jiran na gaba.
Ba ya zuwa lokacin da na zata,
amma yana zuwa.